Wa Zai Tsaya Wa Yaron Nan?

 In akwai Littafi Mai Tsarki kusa, a buɗe wasiƙar Bulus zuwa ga Filimon. Aya 25 ce kawai, yaro ma zai karanta wa iyali ita kafin tuwo ya huce.

A Barnawa cikin Kaduna akwai gidan horar da kangararrun matasa. Dokar 1962 ce ta tanadi irinsa domin 'yan shekara 16 zuwa 21, ana koya musu karatu da sana'a, kamar kafinta da ɗinki. A 2019 gwamnati ta sake wa gidajen yari suna, suka zama gidajen gyaran hali. Amma ranar da aka sallami yaro, hannunmu yake dawowa.

Mun san wani yaro a wani ƙauye kusa da Kachia. A 2023, shekarar da cuta ta ruɓar da citta a gonakin Kachia da Jaba da Kagarko, iri ya yi tsada, sai aka kama shi da buhun maƙwabci. Ya yi zamansa a can, ya dawo da aikin kafinta a hannu. Ba wanda ya ba shi ko kujera ya gyara. Akuya ta ɓata a unguwa, sunansa aka fara kira. Ran Lahadi ya zauna a benci, mutane suka matsa. Uwarsa ta daina zuwa zumuntar mata don kunya. 'Yan'uwa, mu ne muka yi wannan, mu masu waƙar gafara kowace Lahadi.

Unisimas ma da laifi a kansa ya koma Kolosi. Bawan Filimon ne, ya gudu, da alama kuma ya jawo wa maigidansa hasara. Ya sadu da Bulus a ɗaure, ya tuba. Ku lura da abin da Bulus ya yi. Bai ɓoye laifin ba, bai kuma sallami Unisimas ya tafi hannu biyu ba. Ya haɗa shi da wasiƙa, ya roƙi Filimon ya karɓe shi kamar ɗan'uwa. A aya 18 da 19 ya ɗauki bashin a wuyansa, ya sa hannu da kansa. A aya 22 kuma ya ce a shirya masa masauki. Mu dai muna gani wannan dabarar dattijo ce: Filimon ya san za a zo a duba yadda ya riƙe shi.

Yaron namu ma Allah ya ba shi irin wannan mutum, wani tsohon kafinta, dattijon ikkilisiya. Ya kama hannunsa zuwa gidan mai cittar, a gaban mai unguwa. Yaron ya durƙusa ya nemi gafara, aka yanka abin da zai biya kaɗan kaɗan. Dattijon ya ce wa masu kawo aiki, “In wani abu ya ɓata, ni za ku tambaya.” Bai ba shi mabuɗin shago a makon farko ba, kuma ya yi daidai. Sau ɗaya yaron ya koma wurin tsofaffin abokansa masu shan ƙwaya, dattijon ya bi shi da dare ya dawo da shi.

Baba, Mama, in naku yana can yanzu, kada ku jira ranar sallama. Ku je ziyara, ku ji wace sana'a yake koyo, ku nemo wanda zai karɓe shi tun kafin ya sauka a tashar Kachia. Dattawan ikkilisiya, ku sa maganar nan a zamanku na wannan wata, ku fitar da sunan mutum ɗaya wanda zai tsaya masa.