Rancen Karatu: Wa Zai Ci, Wa Zai Biya?



Yau maganar 'ya'yanku na zo mu yi. Da yawa a cikinku kun sayar da sa, wani ma ya jinginar da gona, don yaro ya shiga jami'a. To, kun ji a rediyo an ce gwamnati tana ba ɗalibai rance. Gaskiya ne, ba zan ɓoye muku ba. Shugaba Tinubu ya sa hannu a kan dokar a watan Yuni na 2023, sa'an nan aka sake ta a watan Afrilu na 2024, aka kafa asusun da ake kira NELFUND. Ana biya wa yaro kuɗin makaranta, kuma babu kuɗin ruwa. Wannan mun yaba.

Amma ku dubi yadda aka fara. Dokar farko cewa ta yi sai yaro ya kawo mutum biyu su tsaya masa, irin su babban ma'aikacin gwamnati ko lauyan da ya shekara 10 yana aiki. Don Allah, ɗan manomi a ina zai samo lauya? Sai da jama'a suka yi ta surutu kana aka cire wannan sharaɗi. Wanda ya rubuta wannan doka bai taɓa kwana a ƙauye ba.

Neman rancen kuwa sai ta intanet, da lambar katin ɗan ƙasa, da lambar banki. Garin da ba lantarki, ba banki, sai yaro ya biya kuɗin mota zuwa birni, ya kuma biya mai kwamfuta, tun bai ga ko kwabo ba. Kuɗin abinci da aka yanka wa ɗalibi a 2024 naira 20,000 ne a wata. Ku da kuke auna hatsi a kasuwa, kwana nawa za su kai shi?

Sa'an nan ga babbar magana. A shekarar nan ta 2023 da aka kawo rance, a cikinta jami'o'in tarayya da yawa suka ninka kuɗin rajista. An ba ka da hannun dama, an karɓe da na hagu, kuma an bar ka da bashi a wuya.

Dattawan da ke nan za su tuna. A 1972, zamanin Janar Gowon, an kafa hukumar ba ɗalibai rance. Ta durƙushe, domin waɗanda suka ci ba su biya ba. A 1993 aka ce za a yi bankin ilmi, shi ma ya bi ruwa. Yanzu doka ta ce shekara 2 bayan bautar ƙasa za a fara cire kashi 10 cikin 100 daga albashin yaro. To, ina albashin? Ku ƙirga masu digiri nawa ne a garin nan suke acaba. In ba su sami aiki ba asusun ba zai cika ba, ƙannensu kuma su zo su tarar da rumbu wayam.

Mu a jam'iyyarmu ba mu ce a soke rance ba. Cewa muka yi, ɗan talakan da ya ci jarrabawa a ba shi tallafi kyauta, ba bashi ba, kamar yadda jihohi suka saba yi a da. A buɗe wurin cika takardu a sakatariyar kowace ƙaramar hukuma. A kuma riƙa karanta wa jama'a a rediyo, da Hausa, nawa aka tura wa kowace makaranta, don kada kuɗin yaro ya kwana a aljihun wani.

Duk ɗan takarar da ya zo neman ƙuri'arku, har da namu, ku tsayar da shi a gaban mai gari ku tambaye shi: yaron da ya gama karatu bai sami aiki ba, wa zai biya masa? Ranar zaɓe kuma ku fito da wuri, ku da matanku, kowa da katinsa a hannu.