Gefen lambu mai tsamin ƙasa: me za a dasa?

Wannan shi ne abin da muka tattauna a shirin manoma na wannan mako, mun rubuta shi don wanda bai samu saurare ba.

Wata baiwar Allah daga Lagdo ta aiko mana da kuka. Ta ce shekara biyu ke nan tana dasa albasa a gefen lambunta, jikin shinge, ganye ya yi rawaya, kai kuma bai fi goro ba. Gyaɗar da ta gwada sai ɓawo, ciki wayam. Taki kuwa ba ta rage ba, har bashi ta ci.

Hajiya, da wuya in ba tsami ne ya kama wurin ba. Amma mu yi hattara, ba duk ƙasar Lagdo ce haka ba. Baƙar lakar nan ta fadama da Fulani ke kira karal, inda ake dashen muskuwari, yawanci ba ta da tsami. Matsalar ta fi yawa a jigawa mai rairayi da ta sha noman auduga da masara shekara da shekaru. Ruwan sama na wanke gishirin ƙasa, yuriya kuma, in ana zuba ta kullum ba takin gargajiya, tana ƙara tsamin. Tun da aka gama madatsar Binuwai a 1982 jama'a ke ta kwararowa yankin, filin da za a bari ya huta ya yi ƙaranci.

Malaman gona na auna abin da ma'aunin pH. Lamba 7 ita ce tsaka-tsaki. In ya sauka ƙasa da 5.5, wani sinadari, alminiyam, yakan narke ya hana saiwa miƙewa, sai shuka ta kasa shan takin da ke gabanta. Ka ga an yi asarar kuɗi ke nan. Wanda ke da hali ya tuntuɓi malamin gona ko cibiyar bincike ta IRAD a Garwa kan yadda za a auna masa.

To, me za a dasa? Ni dai shawarata, kada ka ja da ƙasa, ka ba ta abin da take so. A layin waje sa jema ko gamba. Ciyayi ne da tsami bai dame su ba, suna riƙe ƙasa lokacin ruwa, ga zana ga jinka. Bini-da-zugu ma na yin shinge kuma awaki ba sa ci, sai dai 'ya'yansa guba ne, gidan da ke da yara ƙanana a yi tunani.

Daga ciki sai rogo da dankalin Hausa. Waɗannan biyun su ne jarumai a irin wannan ƙasa, rogo ma har ya fi haƙuri. Yakuwa da wake su ma ba laifi. In kana son itace, kashu na son rairayi mai ɗan tsami, duk wanda ya bi ta Sangere kusa da Garwa ya ga gonarsa. Amma a kusurwa za ka sa shi, domin in ya girma inuwarsa za ta rufe lambun.

Albasa da kabeji da karas fa? Ba a ce a daina ba. Ware musu fangali biyu ko uku, ka gyara nan kaɗai: ruɓaɓɓen kashin shanu, sai tokar murhu a barbaɗa sama-sama, a cuɗa da ƙasa, a bar ta mako biyu kafin dashe. Farar ƙasa irin ta Figil ta fi toka ƙarfi, a tambayi malamin gona gwargwadon da za a sa. Kada a haɗa toka da yuriya rana ɗaya, ƙarfin takin zai bi iska.

Wani ya bugo waya yana cewa ai kanwa na kashe tsami a tukunya, me zai hana a gona? Don Allah, Malam, a bar ta a madafa. Gishirin da ke cikinta yana sa ƙasa ta daskare ta ƙi shan ruwa, gyaran kuma ya fi na tsamin wuya.

Hajiya, bana ki mayar da albasar tsakiyar lambu inda kika gyara, ki sa rogo a jikin shingen. In an yi girbi ki aiko mana da labari.