Jawabin Babban Baƙo a Bikin Yaye Ɗaliban Ƙira da Walda a Gaya

 

Mai Martaba Sarkin Gaya, Allah ya ja zamaninka. Masu girma hakimai, dagatai da masu unguwanni, Sarkin Maƙera da jama'arsa, malamanmu, iyaye maza da mata, da ku 'ya'yanmu da ake yayewa yau.

Ranka ya daɗe, a ko'ina aka yaye maƙera abin murna ne, amma a Gaya gado ne ya komo gida. Ruwayar da Kanawa da kansu suka riƙe ta ce wani maƙeri mai suna Kano ya tashi daga nan garin, ya nausa yamma neman tama, har ya same ta a gindin Dutsen Dala ya zauna. Zuriyarsa su ne Abagayawa, maƙeran asali na birnin. Masu tonon kayan tarihi sun gano wurin narka tama a Dala, aka auna shekarunsa ya kai wajen ƙarni na 7 na Miladiyya, alhali Sarkin Kano Bagauda sai wajen 999 aka ƙiyasta hawansa. Ke nan zuga-zugi ya riga tambari yin ƙara a Kano, kuma mutumin Gaya ake ba ladan hura shi.

Littafin Tarihin Kano ma bai manta da mu ba. Ya ambaci Agalfati, ɗan Sarkin Macina, wanda ya zama Sarkin Gaya a zamanin Sarkin Kano Yakubu, tsakanin 1452 da 1463. Ya ambaci Sarkin Gaya Farin Dutse da ya yi shekara uku bai kai haraji birni ba a zamanin Sarkin Kano Dadi, har abin ya ci ransa. 'Yarsa Mariyama ita ta haifi Sarkin Kano Sharefa, wanda ya yi mulki daga 1703 zuwa 1731, lokacin da Gayawa suka yi ƙarfi ƙwarai a fadar Kano. Na kawo wannan ne don yaranmu su san garin da suka fito yana da suna tun kafin a haƙa ramin rini a garuruwa da yawa.

To, mu dubi ƙasar kanta. Daga Kano ka haye gadar Wudil, ka miƙe gabas kan hanyar Dutse, sai Gaya. Ajingi kuma tana arewa da mu. Tun da aka ƙirƙiri Jigawa a 1991 muka zama bakin iyaka, kasuwanninmu na cin jihohi biyu. Ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya mai rairayi, ta gero da dawa da gyaɗa da wake da riɗi, ga fadamu inda ake noman rani. Ƙidayar 2006 ta ba Gaya mutum sama da 200,000, Ajingi sama da 170,000, kuma galibinsu da gona suka dogara. Kowane gida daga Kademi zuwa Shagogo, daga Toranke zuwa Balare, yana neman fartanya da sungumi da lauje da magirbi. Mai shanu yana neman garma da amalanke. Mai noman rani yana neman wanda zai gyara masa injin ban-ruwa ba sai ya ɗauke shi zuwa birni ba. Ga ƙofofi da tagogi na sababbin gidaje. Abin da ke ci mini rai shi ne yadda kuɗin waɗannan kaya ke fita daga ƙasar nan kowace damina, ga mu da maƙera.

Kada wani ya ce ƙaramin gari ba ya zama garin masana'antu. Duk wanda ya san Sabon Garin Kano ya san wurin da ake kira Bata. Sunan wani baduku ne, Tomas Bata, ɗan ƙasar Cek a tsakiyar Turai. A 1894 shi da yayansa da yayarsa suka buɗe shagon takalmi a Zilin, garin da a lokacin mutanensa ba su wuce 3,000 da wani abu ba. Sana'ar gidansu ce. Bai bar garin ba, a nan ya kafa masana'anta, ya gina wa ma'aikata gidaje da makarantu da asibiti, kafin yaƙin duniya na biyu mutanen Zilin sun ninka fiye da sau goma, takalminsu kuma ya iso har Kano.

'Ya'yana, kakanninku sun haƙo tama da hannu, sun ƙona gawayi, sun kwana gaban wuta kafin su sami abin da za su ɗora a uwar maƙera. Ku kuwa ga ƙarfe a wurin 'yan gwangwan, ga injin walda. Na san wutar lantarki ba ta zama, man janareta kuma da tsada. Duk da haka ina roƙonku, kada ku sayar da kayan aikin da aka ba ku, ko da an matsu. Ku cika alkawari, in kun ce Talata to Talata. Ku je ku durƙusa gaban tsofaffin maƙera ku koyi yadda ake shayar da bakin gatari, domin wannan ba ya cikin takardar shaida. Wanda ya tsaya da ƙafarsa ya ɗauki yaro ko biyu.

Roƙona na ƙarshe ga shugabannin ƙananan hukumomin Gaya da Ajingi, da attajiranmu na gida da na birni: idan za a yi kujerun makaranta, ko ƙofar asibiti, ko gilashin masallaci da ƙarafansa, a fara ba waɗannan yara aikin. Muna kuma roƙon Mai Martaba ya sa baki a ware musu fili kusa da kasuwa, su kafa rumfunansu wuri ɗaya.

Allah ya yi wa sana'arku albarka, ya mai da kowa gidansa lafiya.