Wa za ka fara yi wa tuƙi? Jawabi bisa samarinmu masu sabon permi

Maigari, Liman, dattawa iyayenmu, da ku ƴan'uwa da kunka sabko daga bida, na Yamai, na Sakkwato, na Kano, na Lome da na Abijan, barkanmu da ganin juna lahiya.

Kwamiti ya ɗora muna magana bisa samarinmu da sunka samu permin babbar mota cikin shekarun ga. Mu ba direbobi ba ne, alli da allo munka sani. Amma yaran ga ta hannunmu sunka biyo a lakwal, kuma duk takardar aiki da ta zo da Faransanci wurinmu ake kawo ta mu karanta. Kahin mu tsaya gabanku kuma sai da munka zamna da tsofaffin direbobi da kanikawa na tasha, munka ji ta bakinsu.

Ba abin mamaki ba ne yaranmu su so mota, tunda bakin hanya Allah ya aje mu. Gudron da ya taso daga Yamai ya bi Doso da Dogon Dutsi ya ratsa Ƙonni, Tsernawa, Malbaza da Galmi, ya wuce Madawa, Maraɗi da Damagaram. A Tsernawa hanyar Tawa ta rabu, ta bi Badagishiri cikin ƙasar Illelarmu, ta miƙe har Agadas da Arlit. Kudu da Ƙonni ga Illelar Najeriya, ƙofar Sakkwato. Siminti na hita Malbaza tun shekarun 1960, albasar Galmi kuwa har Akara da Abijan an san ta. Kaya dai akwai, masu motoci akwai. Abin da ke da wuya shi ne yaro shi san wanda za shi fara ba amanar ransa.

Yaro in ya hito da permi, abu biyu yake dubi: kyawon mota da yawan albashi. Mu kuwa shawararmu ita ce a dubi ranar da mota ta tsaya. Muddin taya na juyawa kowane mai mota mutumen kirki ne, ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Kuma mu mutanen iyaka mun ga ƙarewar miyar har sau biyu. A watan Agusta na 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, ba ta buɗe ba sai Disamba na 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 anka sake rufewa, sai a Maris na 2024 hanyar Illela ta buɗe. Duk wanda ya ratsa Ƙonni lokacin ya ga manyan motoci jere cikin rana wata da watanni. A nan anka bambanta masu motoci. Wani ya riƙa aika ma direbansa kuɗɗin abinci, ya kai ma iyalinsa buhun hatsi. Wani ya kashe tarho, ya bar yaro na gadin mota da yunwa, ba shi iya tahiya don kayan mutane na wuyansa. To kahin ɗanka shi karɓi makulli, ka tambaya: wanga bawan Allah, mi ya yi ma direbobinsa a 2023? Ba asiri ba ne, ƴan tasha duka sun sani.

Masu ɗaukar direba iri biyu ne a wajenmu. Akwai alhaji mai mota guda ko biyu, sau da yawa ɗan'uwa ne ko abokin uba. Akwai kuma kamfani mai biro da garaji da akawu. Dattawa sun hi natsuwa da na farko don sun san gidansu, kuma gaskiya ne in rashin lahiya ta samu yaro kana iya zuwa zaurensa ka yi magana. Amma a nan kunya ke cin mutane. Ba a faɗin albashi don kada a ce yaro ba shi da ladabi, ba a rubuta komi don wai zumunta ta hi takarda. Sai an shekara, ran da za a rabu, wanga shi ce ana bin shi bashin wata shidda, wancan shi ce ai abin da ya ci a hanya ya hi haka. Zumuntar da anka so a tsare ita ce ke fara mutuwa. Iyayenmu, ku gafarce mu, takarda ba zagi ba ce. Ko addini ya yi umurni a rubuta bashi a sa shaidu.

Kamfani shi ma ba duka ya taru ya zama ɗaya ba. Abin da za a tambaya shi ne ko suna rubuta direba a Kes, wato CNSS. Yaro mai shekara 23 ba shi tunanin tsufa, in ka ce mishi fansho sai shi yi dariya. Amma Kes ba ta tsufa kaɗai ba ce, ita ke ɗaukar nauyin wanda ya ji ciwo bakin aiki, kuma tana ba da kuɗɗin iyali. Kun san tsofaffin direbobi da sunka yi shekara talatin bisa sitiyari, yau baya ya riƙe, ido ya rage, suna zamne bakin tasha suna jiran wanda za shi miƙa musu na goro. Ba lalaci sunka yi ba, ba a rubuta su ba ne. Ku sani kuma tun Janairu na 2024 albashi mahi ƙanƙanta da doka ta yarda da shi a Nijar ya koma sefa 42.000, jika 42 ke nan a wata. Wanda ya ce za shi ba direban babbar mota ƙasa da haka ya riga ya gwada maka ko shi wane ne. Masu nuhin aiki Sakkwato ko Kano kuma su maida albashin naira zuwa sefa kahin su yi murna, don kowa ya ga yadda naira ta faɗi daga 2023, gero kuwa a kasuwarmu da sefa ake awonsa.

Sai a zo ga yadda ake biya. In albashin wata ne, yaro na iya tsayawa shi yi barci in ya gaji. In kuwa bisa kowace tahiya ake biyansa, to kowane dare da ya kwana asara ce gare shi, daga nan ne ake fara shan tiramol don ido shi bushe, kuma kun san inda wannan ke kai mutum. A tambaya tun farko: kuɗɗin hanya nawa ne, in sunka ƙare kahin a isa wa ke cikawa? In taya ta fashe a daji, aljihun wa? In jandarma sunka kama mota don asiransi ya mutu ko ba a kai ta bizit ba, wa ke biyan tara? Mai motar da ke ba da kuɗɗin gazuwal a ƙage, shi ne ke koya ma direba ɗora fasinja bisa kaya don shi cika gibi, in mota ta kihe kuma direban ne ke gaban alƙali.

Ku bari mu yi ɗan lissahi irin na aji. Dokar ƙasashen sefa ta yammacin Afirka, wadda ake kira doka ta 14 ta shekarar 2005, ta ce babbar tirela da kayanta kada ta wuce tan 51. Buhun siminti kilo 50 ne, buhu 20 ke cika tan guda. In mai mota ya ce a ƙara buhu 200, tan 10 ke nan ya ƙara bisa birkin da ba a yi shi don haka ba. Ribar buhu 200 tasa ce, gangaren kuwa na direba ne da karen motarsa. Tsohon direba na iya cewa a'a, don in an kore shi gobe wani za shi ɗauke shi. Sabon shiga ba shi da wannan bakin. Shi ya sa muke cewa kada yaro shi fara aiki inda ake lodin ganganci, don abin da ya koya a shekarar farko da shi za shi tsufa.

Game da hanya, ra'ayinmu a fara da ta kusa. Jigilar siminti daga Malbaza zuwa Tawa, Maraɗi ko Yamai aiki ne mai nauyi, amma yaro na cikin ƙasarsa, yana jin harshen mutane, in ya lalace a hanya ana iya kai mishi agaji. Albasa ta hi kawo kuɗɗi, sai dai kaya ne mai ruɓewa, mai ita na bisa kanka da gaggawa dare da rana. Motar mai kuwa ba ta sabon hannu ba ce ko kaɗan. Ku tuna tankar da ta kihe kusa da hilin jirgin Yamai a watan Mayu na 2019, ta kama wuta ta kashe hiye da mutum 50. Sai hanyar teku. Da anka rufe gadar Gaya da Malanbil a 2023, motocin da sunka saba Kwatano sunka koma Lome ta Burkina, suna bin Kaya, Dori da Tera cikin ayari da rakiyar soja, ana jiran ayarin makonni. A Janairu na 2025 an sace direbobi huɗu ƴan Maroko tsakanin Dori da Tera, sai a watan Agusta anka sako su. Wanda za shi tura yaro mai permin wata ukku wannan hanya shi kaɗai ba son yaron yake ba. In dole ne, shi tahi a matsayin direba na biyu ƙarƙashin wanda ya san hanyar.

A nan muna da magana da samarin su kansu. Permi na oto-ekol shaida ce ta cewa ka san alamun hanya. Bai koya maka juya tirela da baya cikin kasuwar Badagishiri ba, bai koya maka jin kukan inji ba. Wanda ya yi shekaru yana karen mota kahin shi samu permi ya riga ku nisa. Saboda haka wata shidda ko shekara guda kusa da tsohon hannu mai haƙuri, ko da kuɗɗin kaɗan ne, ya hi makullin sabuwar mota a hannunka kai kaɗai. Ku kuma iyaye, mun san kuɗɗin permi bashi ne a gidaje da yawa, wasu tumaki sunka saida, wasu ɗan'uwa na Abijan ya aiko. Amma kada a matsa ma yaro shi karɓi aikin farko da ya samu don a maida kuɗɗin kahin kaka.

Wa za a tambaya labarin mai mota? Ba ɗan kamasho ba, shi ladarsa yake nema. A nemi direban da ya bar wurin a ji dalilin barinsa. A je wurin bakaniken da ke gyara motocin, shi ya san ko ana sayen taya sabuwa ko sai ta nuna waya, ya san ko ana gyaran birki ko ana cewa a lallaɓa a dawo. In an taɓa yin hatsari da motarsa, a bincika abin da ya yi ma iyalin direban.

Ga abin da muke roƙon taro shi amince da shi yau. Duk yaron garin ga da za shi kama aikin mota, dattijo guda da tsohon direba guda su raka shi wurin mai motar, a faɗi albashi da kuɗɗin hanya gabansu. In akwai takarda, a kawo muna lakwal mu karanta mu fassara kahin a sa hannu, ba mu karɓar ko dala. Magatakardan ƙungiya shi buɗe kaye, a rubuta sunan yaro, lambar motar, lambar tarhon mai ita da hanyar da take bi. Ƴan'uwanmu na Lome, Yamai da Sakkwato kuma kowane gari a ba mu sunan mutum guda da yaro za shi nema in mota ta tsaya da shi can. Masu permin da ke nan wurin su tsaya bayan addu'a su ga magatakarda.