Kwamfuta Ɗaya, Manyan Manhajoji Biyu: Amfanin Ba Kowace Faifanta



Abin da aka nemi mu yi bayani a kansa yau shi ne yadda mutum zai zaunar da manyan manhajoji biyu a cikin kwamfuta ɗaya, kowace a kan faifan ajiyarta, ba tare da ɗaya ta ɓata wa ɗaya zama ba. Wani zai ce wannan ai zancen masu gyaran na'ura ne. To, amma wanda duk ya taɓa ganin ɗalibin ajin ƙarshe yana yawo da kwamfutar da ta ƙi tashi, ga kundin bincikensa a ciki, ga ranar miƙa shi ta ƙarato, ya san zancen ya shafi kowa da ke cikin zauren nan.

Bari mu fara da ma'anar kalmomi. Babbar manhaja ita ce wadda ke riƙe da ragamar na'ura baki ɗaya, watau ita ke karɓar umurni daga madannai, ita ke raba wa ƙananan manhajoji wurin aiki, ita ce kuma ta san inda kowace takarda take a kan faifai. Windows ta kamfanin Microsoft ita ce wadda yawancinmu muka buɗi ido da ita. Akwai kuma Linux, wadda wani ɗalibi kamarmu, Linus Torvalds, ya soma rubuta tushenta a shekarar 1991 yana Jami'ar Helsinki a ƙasar Finland. A kan wannan tushe aka gina Debian a 1993, da Ubuntu a 2004, da wasu da dama, kuma kyauta ake ba da su. Tun daga watan Nuwamba na 2017 dukan kwamfutoci 500 da suka fi sauri a duniya da Linux suke aiki.

Zaɓi tsakanin manyan manhajoji ya daɗe. Lokacin da kamfanin IBM ya fito da ƙaramar kwamfutarsa a 1981, manhajoji uku ya ambata wa masu saye, watau PC DOS da CP/M-86 da UCSD p-System. A 1983 da aka fito da samfurin XT mai faifan ajiya na megabait 10, sai aka zo da tsarin yanka faifai ɗaya zuwa yankuna har huɗu, domin kowace manhaja ta sami nata rabo. Ke nan masu ƙera na'urar tun da fari sun san za a so haɗa biyu a wuri guda.

Me zai sa mutum ya ɗora wa kansa wannan aiki? Dalili na farko karatu ne. Ɗalibin ilimin kwamfuta ko injiniya ko lissafi lalle zai haɗu da darasin da ya fi sauƙin yi a Linux, alhali kuwa wasu manhajojin zane da na ofis da ake nema a wurin aiki an yi su ne domin Windows. Dalili na biyu kuɗi ne. A ranar 14 ga Oktoba, 2025, Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin da ya saba ba Windows 10, in ban da waɗanda suka shiga shirinsa na ƙarin wa'adi. Windows 11 kuwa, wadda ta fito a 2021, tana neman wani makullin tsaro mai suna TPM 2.0 da ƙwaƙwalwar zamani, waɗanda tsofaffin kwamfutoci da yawa ba su da su. Mun san irin kwamfutocin da ke hannun ɗalibai da ƙananan ma'aikata, galibi na hannu ne. Wanda ba shi da halin sayen sabuwa yana iya ƙara faifai ɗaya, ya sa masa Linux wadda ake ci gaba da gyara ta, ya riƙa shiga intanet ta nan, ya bar tsohuwar Windows domin ayyukan da ba su bukatar intanet.

Kafin mu kai ga yadda ake yi, ya kamata mu fahimci abin da ke faruwa sa'ad da aka kunna na'ura. Akwai wata 'yar manhaja da ke zaune a jikin allon na'urar kanta, da can ana ce da ita BIOS, ta yanzu kuwa UEFI. Ita ke fara farkawa, ta duba kayan na'ura, sa'an nan ta nemi manhajar tayarwa a kan faifai ta miƙa mata ragama. A tsohon tsari wannan manhajar tayarwa tana somawa ne daga gurbin farko na faifai, mai bait 512 kacal. A sabon tsari kuwa ana ware mata wani ɗan yanki na musamman a kan faifan. Windows tana da tata manhajar tayarwa, Linux ma tana da tata, wadda aka fi sani da GRUB. Duk wadda aka miƙa wa ragama, babbar manhajarta ce za ta hau. Saboda haka a wannan tsari ɗaya ce ke aiki a lokaci guda, ɗayar tana barci, kuma ba a komawa kanta sai an kashe na'ura an sake kunnawa. Taura biyu ba ta taunuwa.

Hanya ta farko ta haɗa su ita ce a matse Windows a kan faifan da take, a yanko wa Linux fili. Wannan yana yiwuwa, mutane da yawa ma haka suke yi, amma akwai haɗari iri uku. Na ɗaya, matse yanki aiki ne da ba ya son yankewa, mu kuwa mun san halin wutar lantarki a wurarenmu. In ta ɗauke ana tsakiyar aikin, baturi kuma ba shi da ƙarfi, ana iya rasa abin da ke kan faifan. Na biyu, kuskuren zaɓen yanki sau ɗaya ya isa ya shafe aikin shekara huɗu. Na uku, manhajojin tayarwa biyu za su zauna a ɗan yanki guda, in an sake ɗora ɗaya daga cikin manyan manhajojin tana iya tura 'yar'uwarta gefe, mutum ya kunna na'ura ya nemi ɗayar ya rasa.

Hanya ta biyu, wadda muke ba da shawara a kanta, ita ce kowace ta sami faifanta. Ba a taɓa faifan Windows ko kaɗan. In faifai ɗaya ya lalace, ɗayan zai tashi da na'ura a ci gaba da aiki. In mutum ya gaji da Linux, sai ya zare faifanta, shi ke nan. Kwamfutar tebur tana da wurin ƙarin faifai a yalwace. Ta tafi-da-gidanka kuwa sai an duba: wasu suna da gurbin siririn faifai na M.2 ban da na asali, wasu tsofaffin ana cire musu gidan faifan DVD a sa wani ɗan akwati mai riƙe faifan ajiya a madadinsa. In duk babu, Linux tana yarda ta zauna a faifan waje da ake jonawa ta kafar USB, ko da yake saurinta zai dogara da ƙarfin kafar. Faifai mai gigabait 128 ko 256 ya ishi mai koyo.

Ga yadda aikin yake bi da bi. Da farko a kwafe duk takardu masu muhimmanci zuwa wani wuri dabam. Na biyu, a duba ko faifan Windows yana kulle da BitLocker. In yana kulle, a nemo mabuɗinsa na ceto mai lambobi 48 a rubuta a takarda a adana, domin sauyi a tsarin tayarwa yakan sa Windows ta tambaye shi, wanda kuma bai da shi ya yi ban kwana da abin da ke ciki. Na uku, a sauko da Linux daga gidan masu yin ta, a shirya ta a kan filashi mai gigabait 8 da manhaja irin su Rufus. Na huɗu, kuma nan ne gishirin maganar, a kashe na'ura a zare faifan Windows gaba ɗaya, a bar sabon shi kaɗai. Dalili kuwa shi ne, manhajar da ke ɗora Linux, haka ma ta Windows, in ta tarar da yankin tayarwa a wani faifai takan zuba kayanta a can, sai a wayi gari faifan biyu sun dogara da juna, an rasa amfanin raba su. Na biyar, a ɗora Linux ta hanyar da aka ɗora Windows, in ta UEFI ce ta UEFI. Na shida, a mayar da faifan farko. Daga nan duk lokacin da aka kunna na'ura sai a danna madannin zaɓen faifai, wanda a Dell da Lenovo yawanci F12 ne, a HP kuwa F9, a zaɓi wadda ake so.

Wanda faifansa ba ya zaruwa da sauƙi, to, ya yi hattara ƙwarai wajen zaɓe. Kada ya dogara da lambar jeri, domin wanda Windows ta kira na farko ba lalle ne Linux ta kira shi na farko ba. Ya gane faifai da girmansa da sunan kamfanin da ya ƙera shi.

Ko bayan an raba musu faifai, akwai 'yan saɓani da suka rage. Na farko agogo. Na'ura tana da agogo guda ɗaya a jikinta. Linux takan rubuta lokacin duniya na Girinwic a kansa, Windows kuwa takan ɗauka lokacin gida ne. Najeriya da Nijar da Kamaru da Cadi suna gaban lokacin duniya da awa ɗaya, saboda haka wanda ya fito daga Linux ya shiga Windows zai ga agogonsa ya koma baya da awa guda. 'Yan'uwanmu na Gana ba za su ga kome ba, domin lokacinsu daidai yake da na Girinwic. Maganin abin shi ne a umurci ɗaya daga cikin manhajojin ta bi lissafin ɗayar. Na biyu, tun daga Windows 8 ta 2012 akwai tsarin saurin tashi, wanda ke sa Windows ta yi rabin barci maimakon ta rufe sarai. Muddin tana cikin wannan hali, taɓa faifanta daga Linux yana iya ɓata takardu, don haka a kashe tsarin. Na uku, kowace da irin rubutunta a faifai: Windows tana amfani da NTFS, Linux galibi da ext4. Linux tana karanta na Windows, amma Windows ba ta karanta na Linux da kanta, har ma takan ba da shawara a wanke faifan. Kada a yarda. Takardun da ake so a gani ta kowane ɓangare a ajiye su a yanki mai NTFS ko exFAT.

Wajibi ne kuma mu faɗi abin da faifai biyu ba ya karewa. Ba ya zama madadin ajiyar kwafi, domin ɓarawo da gobara da tsawa ba su bambanta faifai, tare suke tafiya da su. Ba ya hana muguwar manhaja, domin duk faifan da ke jone da na'ura hannun manhajar da ke aiki yana iya kaiwa gare shi. Har ila yau allon na'ura guda ne, abin da aka sauya a cikinsa ya shafi kowa. A watan Agusta na 2024 wani gyaran tsaro da aka aika wa Windows ya hana Linux tashi a wasu kwamfutoci masu ɗauke da biyun, domin ya taɓa jerin manhajojin tayarwa da na'ura ke amincewa da su. Raba faifai ba ya tare irin wannan. Saboda haka a riƙa sabunta Linux, a kuma adana filashin nan, da shi ake shiga a yi gyara.

Ba kowa ne ke bukatar wannan tsari ba. Mai son ɗanɗana Linux kawai yana iya tashe ta daga filashi ba tare da ya ɗora kome ba. Mai na'ura mai ƙarfi yana iya gudanar da ita a cikin Windows ta hanyar VirtualBox, ko ta WSL da Microsoft ya fito da ita a 2016, ya ga biyun suna aiki tare, sai dai za su raba ƙarfin na'urar. Faifai biyu na wanda ke son kowace manhaja ta sami dukan ƙarfin na'ura ne.

Ga 'yan'uwanmu ma'aikata muna da magana ta musamman. Kwamfutar ofis dukiyar jama'a ce, takardun da ke cikinta kuma amana ce. Ba daidai ba ne ma'aikaci ya kwance ta ya ƙara faifai ko ya ɗora wata manhaja ba da izinin shugabansa da na sashen kula da na'urori ba, kome kyawun niyyarsa. In takardun albashi ko na fansho suka salwanta, talakawan da ke jiran haƙƙinsu su ne za su ji a jikinsu. Mai son koyo ya koya a tasa.

Shawararmu ga ƙungiya ita ce ta samo tsohuwar kwamfutar tebur ɗaya da faifai biyu, ta ajiye a inda ɗalibai za su riƙa kwancewa suna ɗaurawa har hannunsu ya faɗa, kafin kowa ya taɓa na'urar da kundinsa ke ciki.