Alewar Biki Ta Zamani: Sana'a Ce Mai Sauƙi, Amma Da Amana A Cikinta

Mai girma Sarkin Hausawa, shugabannin ƙungiya, malamanmu, iyayenmu mata, 'yan'uwa da ƙanne, muna yi wa kowa barka da zuwa. Mun gode wa Allah da Ya haɗa mu lafiya, mun kuma gode wa shugabanni da suka ba mu wannan dama, mu masu sayar da sukari da fulawa da kayan shayi a nan Sabo, mu faɗi abin da muka sani game da wata 'yar sana'a da muke ganin za ta amfani matanmu na cikin gida.

Maganar ita ce ta alewar nan mai laushi kamar soso, wadda Turawa ke kira mashmalo. Duk mai ɗa a makarantar boko a garin nan ya san ta, domin ba a bikin ƙarshen zango ko walimar yara ba a ga an soke ta a tsinke, an yi mata ado da launi ja da kore da ruwan ɗorawa ba. 'Ya'yanmu da aka haifa a nan suna gani a hannun abokansu, su dawo gida su ce sai an saya. To, tunda dai kuɗin nan fita zai yi, gara ya fita zuwa hannun 'yar'uwarmu wadda muka san abin da ta zuba a tukunyarta.

Bari mu fara da asalinta. Sunan ya samo asali ne daga wani tsiro da ke fitowa a fadamun Turai da yammacin Asiya da arewacin Afirka. Tsiron nan dangin kuɓewa ne da rama da yakuwa, shi ya sa saiwarsa ke da yauƙi. Da can magani ake yi da ita, na tari da ciwon maƙogwaro. A ƙarni na 19 masu alewa a Faransa suka riƙa kaɗa yauƙin da sukari da farin ƙwai. Da abin ya karɓu, aikin fitar da yauƙin ya yi musu yawa, sai suka maye gurbinsa da wani sinadari da ake kira jalatin. A Amurka kuwa, cikin shekarun 1950, wani mai suna Alex Doumak ya fito da hanyar tunkuɗo ta ta cikin bututu ana yankawa, watau siffar da muke gani a leda yau. A 1953 kamfanin Just Born ya sayi wani ƙaramin kamfani mai yin ta da siffar 'yan tsaki, ana birgima su cikin sukari mai launi, ana kiransu Peeps, waɗanda Amurkawa ke saye lokacin bikinsu na Ista. Ke nan alewa ce ta baƙi, kuma da bukukuwansu ta girma. Mu abin da ya shafe mu shi ne mu san me ke cikinta kafin mu miƙa wa yaro.

Amana ta farko, jalatin. Jama'a, a nan ne gizo ke saƙa. Jalatin ana samun sa ne ta hanyar dafa fata da ƙashin dabba, kamar dai yadda romon ganda ko na ƙafar sa ke daskarewa in ya kwana. Wanda ke yawo a kasuwar duniya, kaso mai yawa daga fatar alade yake, saura daga fatar shanu da ƙashinsu, kaɗan daga kifi. Ita Peeps ɗin da muka ambata, da na alade ake yin ta. Malamai sun yi saɓani a kan ko sarrafawar da ake yi masa ta canza shi ya zama wani abu dabam, wasu sun ce ta canza, wasu sun ce ba ta canza ba. Wannan fagen malamanmu ne, ga su nan zaune. Mu dai a matsayinmu na 'yan kasuwa, abin da ke kanmu shi ne kada mu sayar wa mutum abin da in ya san asalinsa ba zai saya ba. Saboda haka duk ledar da za ku ɗauka, ku juya bayanta. In an rubuta jalatin na kifi ne, ko na shanu ne tare da tambarin halal, to madalla. In kuwa an rubuta jalatin kawai aka yi shiru, ku mayar da ita kan kanta. Wadda ba ta karanta Turanci ta sa ɗanta ya karanta mata, ba abin kunya ba ne.

Wadda ta samu garin jalatin mai tsarki a shagon masu kayan kek, za ta iya yin alewar da kanta, kuma ya fi araha. Ga ma'auni da ƙaramin gwangwanin madarar ruwa da kowa ya sani. A jiƙa jalatin giram 21, watau kimanin cokalin shayi 7, cikin ruwan sanyi kashi uku cikin huɗu na gwangwani, a bar shi minti 10 ya kumbura. A tukunya kuma a zuba sukari gwangwani 2 da rabi, da ruwan gulukos gwangwani 1 da rabi, da ruwa kashi uku cikin huɗu na gwangwani, da ɗan gishiri. Amfanin gulukos shi ne ya hana sukari komawa tsaki-tsaki. A dafa har zafinsa ya kai digiri 115. Wadda ba ta da ma'aunin zafi ta ɗiga kaɗan cikin kofin ruwan sanyi, in ya dunƙule ya zama ƙwallo mai laushi da yatsa zai iya latsewa, to ya yi. Masu yin alewar madara sun san wannan gwaji tun fil'azal. Sai a riƙa tsiyaya shi a hankali a kan jalatin ana kaɗawa da injin kaɗa ƙwai, minti 12 zuwa 15, har ya yi fari fat, ya kumbura, ya yi kauri. A sa ɗan banila, a juye a tire mai zurfi da aka shafa wa mai aka barbaɗe da niƙaƙƙen sukari haɗe da sitacin masara. A bar shi aƙalla awa 4, in da hali ya kwana. Da safe a yanka da wuƙa mai ɗan mai, a birgima kowane yanki cikin garin nan. Wannan ma'auni yana ba da kimanin ƙwaya 100 'yan madaidaita. Gargaɗi biyu: tafasasshen sukari ya fi tafasasshen ruwa ƙuna, don haka a kori yara daga madafa, kuma kada a ce za a sa ruwan ɗanyen abarba ko gwanda don ɗanɗano, suna kashe ƙarfin jalatin ya ƙi kamawa.

To, sai ado, wanda shi ne ke jawo kuɗin. Hanya biyu ce. Ta farko ita ce ta sukari mai launi, kuma ita ta fi sauƙi. A zuba sukari a leda mai tsabta, a ɗiga launin abinci ɗigo 3 ko 4, a ɗaure a girgiza har ya game, a baza a faranti ya sha iska. Sai a soke alewa a tsinke, a tsoma ta cikin ruwa mai tsabta a fitar nan take, a yarfe, a birgima cikin sukarin. Kada ta daɗe a ruwa, narkewa za ta fara. A kafa tsinken cikin kofi da aka cika da ɗanyar shinkafa har ta bushe.

Ta biyu ita ce ta farin cakulan, irin na masu kek wanda aka yi da man ƙwarar kwakwar manja. Shi wannan ya fi jure zafin ƙasarmu a kan mai man koko, kuma yana daskarewa da kansa ba tare da wata dabara ba. A daddatsa shi a kwano busasshe, a ɗora kwanon bisa tukunya mai ruwan zafi, ba mai tafasa ba, ana juyawa har ya narke. Ku kula da kyau, ko ɗigon ruwa ɗaya ya faɗa ciki, zai cure ya zama kamar tuwo, kuma ba ya dawowa yadda za a tsoma abu a ciki. Don haka launin da za a sa masa ya zama na gari ko mai mai, ba na ruwa ba. In ya yi kauri a ƙara cokalin shayi 1 na man girki. A tsoma alewa rabi ko duka, a bari ya tsiyaye, a barbaɗa ado tun bai daskare ba. Cikin kwata na awa, a wuri mai sanyi, ya kama.

A nan muke so mu ja hankalinku. Ba dole ne sai ƙwayoyin adon nan na kanti masu tsada ba. Muna da soyayyen riɗi, muna da dakakkiyar gyaɗa, ga kwakwa nan tuli a ƙasar nan, a goga a busar. Garin koko yana ba da ruwan ƙasa, busasshen zoɓo in an niƙa shi lilis yana ba da ja da ɗan tsami mai karya zaƙi, kurkum kaɗan yana ba da ruwan ɗorawa. Wadda ta yi da waɗannan, kayanta sun bambanta da na kowa, kuma ribarta ta fi.

Amana ta biyu, launi. Kada kowa ta sayi launin da ake aunawa a ƙullin leda ba suna ba takarda. Akwai wanda na rini ne, na tufafi, ba na ciki ba. A nemi wanda ke cikin kwalbarsa da lambar hukumar NAFDAC da ranar lalacewarsa. Ko na abincin ma a yi sannu da shi. A ƙasashen Tarayyar Turai, tun 2010 doka ta tilasta rubuta gargaɗi a kan abincin da ke ɗauke da wasu launuka 6, cikinsu har da mai lamba E102 da E110 da E129, cewa suna iya shafar natsuwar yara. A 2022 suka hana farin launi mai lamba E171. A watan Janairu na 2025 hukumar abinci ta Amurka ta soke izinin wani jan launi, wanda lambarsa a Turai E127. Har ila yau akwai ja mai lamba E120 wanda daga jikin wani ƙwaro ake samo shi, wanda ke ƙyamar wannan ya sani. Masu abin ke nan suke taka-tsantsan da abinsu, balle mu. Launi mai haske-haske ya isa, ba sai harshen yaro ya rine ba.

Amana ta uku, lafiyar mai ci. Alewar nan tana da laushi da danƙo, in ta maƙale a maƙogwaron ƙaramin yaro tana toshe numfashi, kuma fitar da ita da wuya. Kada a ba yaron da bai kai shekara 5 ba ita guda, in za a ba shi a yayyanka ƙanana, yana zaune, babba na kallo. Tsinken tsire mai tsini a datse bakinsa, ko a yi amfani da na takarda. Wadda ta sa gyaɗa ta faɗa wa mai saye, domin akwai yaran da jikinsu ba ya karɓar ta ko kaɗan. Kuma mu tuna kusan duk sukari ce, abin ranar biki ce, ba abin kullum ba. Rigakafi ya fi magani.

Sai ajiya, wadda ita ce matsalar Kudu. A gida Arewa lokacin hunturu alewa za ta yi kwanaki tana nan garau. A nan kuwa, musamman da damina, iska cike take da laima, sukari kuma jan laima yake, kafin ka ankara ta fara zufa, launi ya zube. Jalatin ma yana sakin jiki in zafi ya kai wajen digiri 35. Saboda haka a yi ado ana gobe biki ko ranar da asuba. Da ta bushe a sa kowace a 'yar ledarta a ɗaure, a jera a roba mai murfi, a ajiye a inuwa. Kada a dogara da firji, domin in an fito da ita raɓa take yi, ga kuma halin wutar lantarki da kowa ya sani. Kada kuma a bar ta cikin mota a rana.

Daga ƙarshe, hisabi. Mun sha ganin mace ta iya sana'a da kyau amma jarin ya narke, don ba ta rubutu. A samu ɗan littafi. A rubuta kuɗin sukari da jalatin da cakulan da tsinke da leda da gas da kuɗin mota zuwa Agbeni da dawowa. A ƙirga ƙwaya nawa aka samu, a cire waɗanda suka lalace da waɗanda yaran gida suka ɗanɗana, a raba, sannan a ɗora riba da ladan wahala. In aikin biki ne a karɓi rabin kuɗi tun farko, domin wannan kaya ba ya jiran mai canza ra'ayi. Kasuwarta kuwa ba ta yankewa: suna, walimar sauka, kamu, Ƙaramar Sallah da Babba, ga maƙwabtanmu Yarabawa da ba su rabo da biki, Musulminsu da Kiristansu. Da yawa daga cikinsu in suka ji akwai wadda ke yi da jalatin mai tsarki, da ƙafarsu za su zo.

Shawararmu ga ƙungiya ita ce, mata biyar ko shida su haɗa kuɗi su sayi injin kaɗawa guda da ma'aunin zafi, su riƙa sayen jalatin da cakulan a sari su raba. Mu kuma masu shago mun ɗauki alkawarin nemo mai tambarin halal, mu nuna wa kowa kwalinsa kafin a buɗe. Kuma don Allah, in kun jera tire, ku sa gullisuwa da tuwon madara da kantu da alkaki a gefe. Yaron da aka haifa a Sabo ya kamata ya san na gidan ubansa kamar yadda ya san na kanti.

Wadda ke son gani da ido ta ba da sunanta ga shugabar mata bayan an tashi, za a sa ranar da za a yi a gaban kowa, domin gani ya kori ji. Allah Ya sa albarka a neman kowa, Ya shirya mana zuri'a, Ya ba mu zaman lafiya da masu masaukinmu.