Tsoho Ya Dawo Daga Shika, Aikinka Ya Fara

(Jawabin da wani ɗan'uwa mai aikin sa kai ya gabatar ga matasa a Samaru, Zariya)

'Yan'uwa, ni ba likita ba ne, ba kuma nas ba. Jinyar kakana na yi, ita ta sa na miƙe a gabanku.

Mu matasa mu ake aika. Mu ke ɗaukar tsoho daga Samaru ko Sabon Gari zuwa Asibitin Koyarwa na ABU da ke Shika, sashen masu ciwon daji, a yi masa ƙarin ruwan maganin nan da ake kira kemoterafi. Ruwa na ƙarewa, mu dawo gida, mu ce an wuce wurin. To ba a wuce ba, haɗarin a gida yake.

Maganin nan yana kashe duk ƙwayar da ke saurin hayayyafa a jiki, ta daji da ta lafiya baki ɗaya. Shi ya sa gashi ke zuba, baki ya yi gyambo. Mafi muni, yana taɓa ɓargo, inda ake samar da fararen ƙwayoyin jini, sojojin da ke tsare jiki. Galibi tsakanin kwana 7 zuwa 14 bayan ƙarin ruwa suke kaiwa matuƙar raguwa. A kwanakin nan, 'yar ƙaramar cuta kan iya kayar da tsoho cikin sa'o'i.

Haka ta faru da mu. Da magariba jikin kakana ya yi zafi. Na ce zazzaɓin sauro ne, wa bai san shi ba? Na hau mashin zuwa wani kemis a Sabon Gari, na sayo farasitamol da maganin maleriya. Zafi ya sauka, muka kwanta. Da asuba bai gane ni ba. Allah Ya sa da sauran kwana. Nas ɗin da ta karɓe mu ta yi mini faɗa sosai, kuma ita ce da gaskiya: farasitamol ɓoye zafin kawai ya yi, cutar tana can tana cin jini.

Saboda haka, ɗan'uwa, ka sayi ma'aunin zafin jiki. Ya kai 38, ɗauki tsoho da katinsa sai asibiti, ko da tsakar dare ne, ka kuma faɗa musu ranar da aka yi masa ƙarin ruwa na ƙarshe. Wani tsohon ma jikinsa ba ya zafi, sai dai rawar sanyi ko ruɗewa. Duk hukuncinsu ɗaya.

Sai maganar dubiya. Alheri ce, babu mai musu. Amma ɗaki cike da jama'a, wannan na tari, wancan na atishawa, kowa sai ya gaisa hannu da hannu? Mai mura ya yi addu'arsa daga zaure. Za a ce ka cika iyayi, ka daure.

Kai ma ka kare kanka. Aƙalla sa'o'i 48 bayan ƙarin ruwa, maganin na fita ta fitsari, amai da bayan gida. Sa safar hannu kafin ka ɗauki fo, ka wanke kayan da suka ɓaci daban, ka wanke hannu da sabulu. Mai juna biyu kada ta taɓa wannan aiki. In ƙwayar haɗiya aka ba shi, kada ka daka ta a kunu don ya ƙi haɗiyewa. Koma ka tambayi likita.

Kuma kowa zai zo da nasa jiƙon da sassaƙen. Ƙodar tsoho ba ta saurayi ba ce, ga amai da gudawa suna tsotse masa ruwan jiki. Duk abin da zai shiga bakinsa da sunan magani, har na ciwon gaɓɓai da ya saba saye a kemis, a zuba a leda a kai wa likita ya gani tukuna.